Torkil da Siket ɗin da Ruwa Ba Ya Ratsawa

Shekara goma sha huɗu Torkil Makaskil ya yi a Glasgow yana sayar da labule a wani kanti. Ranar da ya dawo tsibirin Harris, sai ya sauko daga jirgin ruwa da tef ɗin awo rataye a wuya, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi yanzu masanin suturar mata ne. Babu wanda ya tambaye shi dalilin da ya sa kantin ya sallame shi. Shi ma bai ɗauko zancen ba.

Yayarsa Dolina ce ta sauke shi, don gidan na ubansu ne, ba ta da ikon rufe masa ƙofa. Dolina masaƙiya ce. Shekara talatin tana taka injin saƙa a rumfar bayan gida, tana fitar da tuwid, kakkauran yadin ulun da matan ƙauyen ke ɗinka siket da kwat da shi, su hau tudu neman tumaki su dawo sanyi bai taɓa su ba. Sau tara tana cinye kofin saƙa a baje kolin shekara, bana kuma na goma take hari. Duk tsawon hunturu ta yi tana saƙa bandir uku, launin jiƙaƙƙen dutse da ɗan ratsin kore, suna jingine a rumfa suna jiran a kai su bugu.

Ana cin dankali da kifi mai gishiri Torkil ya hango su ta ƙofa. Ya tashi ya kama bakin yadin da yatsa biyu kamar wanda ya tsinci mushen ɓera.

"Yaya, wannan na mata ne, ko na rufe doki?"

"Zo ka ci dankalinka."

"Gaskiya fa nake gaya miki. Matan tsibirin nan in suna kan tudu, sai sun yi tari ake bambance su da duwatsu. Ni a Glasgow da idona na ga..."

"Labule ka gani."

"Labule ai sutura ce, ta taga. Wanda ya iya tufatar da taga, mace ba za ta gagare shi ba."

Dolina ta dube shi, ta dubi kwanon, ta ƙara masa kifi don bakinsa ya sami aikin yi.

Da abin ya tsaya a surutu, da ba a yi asara ba. Amma saura mako uku baje koli, Dolina ta bi wata tunkiya kan santsi, ta faɗi ta karya tsintsiyar hannun dama. Aka kai ta asibitin Stornoway, ta kwana huɗu. A kwana huɗun nan Torkil ya aske gemu, ya shafa mai a ka, ya je ya sha shayi a gidan fasto.

Matar faston, Misis Lamont, baƙuwa ce daga Edinburgh. Shekararta ɗaya a ƙauyen, kuma tun zuwanta take neman abin da za ta gyara. Ita aka ba shugabancin kwamitin baje kolin, don babu mai so. Kafin shayi ya huce Torkil ya yi mata alkawarin abin da ba a taɓa gani ba a tsibirin: mata biyar za su yi jerin gwano a gaban jama'a cikin kayan shiga daji na zamani, masu launi, marasa nauyi, waɗanda ruwa ba ya ratsawa. Misis Lamont ta tafa hannu, ta ce har mai ɗaukar hoto na jarida za ta gayyato, kuma ita ce za ta shige gaba.

Ranar da aka sallamo ta daga asibiti, Dolina ta sauka daga mota da hannu a rataye, sai ta ga rafin da ke bin bayan gidansu ya koma jan garura. A bakin rafin maƙwabcinsu Finle Makinon yana tsaye riƙe da ƙahon ragonsa, wanda ya shekara yana kiwo don gasar raguna. Daga ƙirji zuwa kofato ragon ja ne wur, sama kuma fari fat.

"Sannu da dawowa, Dolina. Ya hannun? Ina shegen ƙanenki?"

Torkil ya leƙo daga rumfa, hannayensa ja har gwiwa.

"Finle, kai ma dai! Wa ya aiki ragonka shiga ruwa? Kuma in ka dube shi da idon basira, ai yanzu ya fita daban. Alƙalai ba za su manta da shi ba."

"Kai ma ba za ka manta da ni ba."

Dolina ba ta tsaya ba, ta ture Torkil ta shiga rumfar. Bandir ukun nan suna shanye a kan igiya, sun sha rinin labule sun yi ja irin na ɗanyen nama. Biyu an riga an daddatsa su da almakashi. Ta daɗe a tsaye tana kallon aikin hunturunta. Sannan ta shafa yadin da hannun hagu, ta ji shi sako-sako yadda ya fito daga inji.

"Torkil, ka kai shi bugu kafin ka yanka?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Nan ne kuke tafka asara ba ku sani ba. Ku tara mata takwas, ku jiƙa yadi da ruwan sabulu, ku wuni kuna bugu kuna waƙa, yadin yana tsukewa a gabanku. Kuna rage wa kanku kaya kuna murna! Ni na tsallake wannan shirmen, na sami siket ɗaya a kyauta."

"Ranar da ruwa ya taɓa shi, zai yi bugun da kansa. Da mutum a ciki."

"Ruwa ba zai taɓa shi ba."

"A Harris?"

"Akwai sirri, Yaya. Ba komai ake gaya wa masu taka inji ba."

Washegari ta tafi gidan fasto ta yi wa Misis Lamont bayani dalla-dalla. Matar ta saurare ta da murmushi, ta dafa mata kafaɗa.

"Na fahimce ki, Dolina. In mutum ya daɗe yana cin kofi, sabon abu yakan yi masa ɗaci. Ki daure ki taya ɗan'uwanki murna."

Daga nan ta wuce wurin ƙanwar ubansu, Goggo Marsali, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, wadda ita ma ta ba da sunanta cikin mata biyar ɗin.

"Goggo, ke da kika koya mini bugu, ke ce za ki sa yadin da bai sha ruwa ba?"

"Kwat ɗina ta girme ki, 'yar nan. An ce za a ba ni sabuwa kyauta. Ko da takarda aka ɗinka ta, sai na sa."

Dolina ta juya ta koma gida.

Ranar awo aka taru a ɗakin girki: Misis Lamont, Goggo Marsali, Kirsti mai gidan waya, wadda ƙofa ɗaya ba ta ishe ta sai ta karkace, da wasu tagwayen 'yan mata masu kiwon kaji da ba sa iya ƙin komai in matar fasto ta roƙa. Torkil ya auna kowacce sau biyu: faɗi da tsawo.

Kirsti ta ce, "Ƙugu fa? Hannu fa?"

"In an yi tattara mai kyau, ƙugu zai nemi wurinsa."

"Ni taga ce?"

"Ke ai ƙofar coci ce, Kirsti, amma kar ki damu, na yi manya da suka fi ki."

Da ya sunkuya zai auna Goggo Marsali, ta ɗaga sandarta.

"Kai, hannunka ya wuce nan na karya shi, ku zama biyu a gidanku."

Sai ya auna ta daga nesa, da ido.

Sannan ya nuna musu abin da ya kira babbar hikimarsa. Zai jera zobban labule a cikin kowane siket, ya zura igiya ta fito ta aljihu. In mace ta zo tsallake rafi, sai ta ja igiyar, siket ya naɗe zuwa gwiwa. In ta haye, ta saki, ya sauka. Misis Lamont ta ce ko a Edinburgh ba ta ga irinsa ba. Dolina, da ke fere dankali da hannu ɗaya, ta ce ta yarda da wannan.

Mako biyu keken ɗinki yana kuka a rumfa. Sau ɗaya ya ɗinke laktayensa da kwat ɗin Kirsti, sai da Dolina ta zo da almakashi ta 'yanta shi. Hannun kwat ɗin tagwaye ya fito guda uku na hagu, ya ce haka ake yi yanzu. Ana gobe baje koli kuwa sirrin ya bayyana, don tun daga bakin hanya ake jin sa. Man kifi ne ya samo gwangwani biyu wurin masunta, ya bi kowace riga ya shafe ciki da waje da burushin fenti. Kyanwoyin ƙauyen suka jeru a kan katanga kamar masu jiran wa'azi.

"Yaya, kin taɓa ganin kifi ya jiƙe?" in ji shi.

"Warin fa?"

"Iska za ta kwashe."

Dolina ta shiga ɗaki. Ta ɗauko barguna biyar da almakashin sausayar tumaki, ta zuba a kwando.

Ranar Asabar gari ya waye tangaran, rana ta fito har mutane suna mamaki. Aka cika filin bayan makaranta. Gefe guda rumfar saƙa, inda a karo na farko cikin shekara talatin babu yadin Dolina a kan tebur. Gefe guda rumfar kek da shayi. Can ƙasa kuma ana gasar karnukan kiwo, makiyaya suna fito, karnuka suna kora tumaki cikin shinge. Finle yana zaune a kan dutse da jan ragonsa, wanda alƙalai suka kora tun da safe bayan sun gama dariya.

Ƙarfe biyu Torkil ya hau kan amalanke da lasifika a hannu.

"Jama'ar Harris! Yau za ku ga ƙarshen zamanin duhu. Shekara ɗari kuna tufatar da matanku kamar buhunan dankali. Yau ga wanda ya san aiki ya zo. Baƙin cikina ɗaya ne: babu ruwa. Ina ma a yi ruwa, ku ga yadda zai zame a jikinsu kamar a bayan agwagwa!"

Wani tsoho a gaba ya cire lofe daga baki.

"Yaro, a garin nan ba a roƙon ruwa. Yana jin ka."

Mai busa algaita irin ta ƙasar, mai haɗe da salkar iska, ya hura salkarsa, matan suka fito daga bayan makaranta a jere, jajur, suna ƙyalli kamar an soya su. Misis Lamont a gaba tana ɗaga wa mutane hannu. Jama'a suka fara tafi, sai iska ta juyo, tafin ya tsaya, hannaye suka koma kan hanci. Mai algaita, da dole ya ja numfashi mai yawa, ya ja sau ɗaya, busar ta mutu da wani kuka kamar na akuya.

Tsuntsayen teku ne suka fara isowa. Ɗaya ya sauka a kafaɗar Kirsti ya cafki kwalarta. Kafin ta ce wayyo, sama ta yi fari da su.

"Ku ci gaba da tafiya!" Torkil ya yi ihu ta lasifika. "Kun gani? Har tsuntsaye sun yaba!"

Sai karnuka. Kare bakwai da aka shekara ana horarwa suka ɗaga hanci lokaci guda, suka watsar da tumaki, suka haura da gudu. Makiyaya suna fito har jijiyar wuya ta fito, babu wanda ya waiga. Biyu suka kama lasar siket ɗin tagwaye, 'yan matan suka rungume juna suna tsalle. Goggo Marsali ta kafa ƙafa tana rabon sanda, kare ɗaya tsuntsu ɗaya. Tumakin da aka bari kuwa suka ga babu mai tsaro, suka bi ta rumfar kek suka fita ta ɗaya gefen da rumfar a kansu.

Ana cikin haka gajimare ya taso daga teku, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

"Yawwa!" in ji Torkil. "Yanzu ku buɗe ido!"

Aka buɗe. Ruwan bai zame ba. Rinin ne ya zame. Ya gangaro ta wuya, ta hannu, ta ƙafa, ya cika takalma, duk inda suka taka sai ciyawa ta yi ja. Matan suna gudu suna kare kai, suna murza yadin da jikinsu, ga ruwa ga mai, sai tuwid ya shiga aikin da aka hana shi. Hannun kwat ya janye zuwa gwiwar hannu. Maɓallan Kirsti suka fara harbi ɗaya bayan ɗaya, na uku ya sami alƙalin raguna a goshi. Kwat ɗin Misis Lamont ta ɗaure ta tam, hannayenta suka miƙe gefe da gefe kamar mutum-mutumin gona.

"Malam Makaskil! Ba na iya numfashi!"

"Ki ja igiya, Madam! Igiyar aljihu! Za ta sassauta!"

Hannunta ba ya kaiwa, sai ɗaya daga tagwayen ta taimaka ta fizga da ƙarfi. Siket ɗin matar fasto ya naɗe sama tsaf, kamar labulen da aka buɗe wa safiya, ya tsaya inda bai kamata ba. Zobban suka cije. Dattawan coci suka juya baya gaba ɗaya suna duban teku. Faston ya cire hularsa ya rasa inda zai kare da ita. Mai hoton jarida shi kaɗai ne bai juya ba.

Dolina ta ratsa taron da kwandonta, ba gaggawa. Ta yafa wa Misis Lamont bargo, ta zura almakashin sausaya ta bayan kwala da hannun hagu, ta tsarge kwat ɗin har ƙasa. Matar ta ja numfashi mai tsawo.

"Dolina... kin gaya mini."

"Na gaya miki. Riƙe bargon da kyau."

Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya tana sausaye su kamar tumaki. Goggo Marsali ce kaɗai ta ƙi, ta ce kwat ɗin tata ce, ko ta koma ta 'yar tsana ba mai yanka ta.

Har lokacin Torkil yana kan amalanke.

"Jama'a, ku fahimta! Ruwan nan ba irin wanda aka yi lissafi da shi ba ne! Ruwan Glasgow a tsaye yake sauka, naku kuwa a karkace..."

Bai ƙarasa ba. Finle ya rantse daga baya cewa igiyar ce ta suɓuce masa saboda santsi. Ragon ya ja da baya, ya auna, ya daki amalanken. Amalanken ya gangara da Torkil da lasifikarsa har cikin kwatamin da ake wanke tumaki.

Kofin saƙa ya tafi hannun wata mata daga ƙauyen gaba, wadda Dolina ta san yadinta ko tsumman goge tukunya bai kai ba. Ta tsaya ta ga an miƙa mata, ta yi tafi da hannu ɗaya a kan cinya, ta ɗauki kwandonta ta tafi gida.

Torkil kuwa da ya fito daga kwatami bai bi ta gida ba, tashar jirgi ya nufa a guje. Ya tarar jirgin Asabar ya tashi tun ƙarfe uku, ran Lahadi kuma ko kwalekwale ba ya motsi a tsibirin. Da yamma ya lallaɓo ta bayan gida yana ɗiga.

"Yaya, gobe ba na jin zan iya zuwa coci. Ƙirjina."

"Tun kakanmu ba a taɓa barin kujerar gidan nan da gurbi ba. Ko a makara ne za ka je."

Ya je. A layin gaba mata biyar suna zaune, kowacce ta ja kwala har kunne, ta sa safar hannu, amma wuya da haɓa ja wur, don ko da suka kwana suna dirza da sabulu, rinin da ya ƙi zama a yadi ya zauna a fata daram. Kirsti tana da tabo a kunne inda tsuntsu ya cafka. Faston ya yi wa'azin awa ɗaya da rabi a kan girman kai, bai dubi kowa ba sai mutum ɗaya.

Aka tashi, Torkil ya fito yana raɓewa a bayan yayarsa, yana jiran rigima ta fashe. Shiru. Mazan suka ɗaga masa hula. Finle ya ce masa barka da Lahadi. Kirsti ta yi masa murmushi har haƙoranta suka fito. Goggo Marsali ta tako da sandarta ta gyara masa laktaye.

"Yau ranar Ubangiji ce, ɗana. Ba a ɗaga murya, ba a ɗaga hannu. Allah ya kai mu gobe."

"Amin, Goggo."

Kafin su isa gida ƙirjinsa ya warke. A kan tebur ya miƙe ƙafa yana sakace.

"Kin gani, Yaya? Sun gane. Mutane ba sa riƙe mai basira a zuci. Kuskuren ɗaya ne, man ya yi kaɗan. Baɗi in na ninka shi, na kuma sa igiya biyu..."

"Ci dankalinka," in ji Dolina.

Duk da haka ya haɗa akwatinsa, ya ce gobe zai bi jirgin ƙarfe goma ya ɗan leƙa Glasgow, don akwai manyan mutane da ke jiran shawararsa.

Ran Litinin da safe Dolina ta tashe shi da kunu mai zafi, har da madara da yawa, abin da ba ta taɓa yi masa ba. Ya zauna yana sha yana yaba ta. Sai ya ji kamar ana gyaran murya a waje. Ya ajiye cokali.

"Wa ke nan?"

"Baƙinka. Su biyar a ƙofar gaba. Mazan gidajensu da Finle a ta baya."

Torkil ya dubi taga. Dolina ta girgiza kai.

"Masu karnuka ne a nan."

"Yaya, don girman Allah, ki fita ki ce musu ina barci. Ki ce zazzaɓi. Ki ce sai an jima."

"Na gaya musu kana karin kumallo. Sun ce ka ci a hankali, kar ka ƙware." Ta ƙara masa kunu har bakin kwano. "Da kujerunsu suka zo."